Dabinon da na dasa a gida: abin da mai saida dashe bai gaya min ba

Tun damanar 2019 na dasa dabino guda huɗu a filin bayan gidanmu nan Arkilla a Sakkwato, kuma duk wanda ya shigo ya gan su tambaya ɗaya ce, wai gaskiya ne ba ya son ruwa kuma hunturu bai taɓa shi? To bari in faɗi abin da idona ya gani.

Kafin dabinon nan mangwaro biyu da gwaiba ɗaya sunka mutu a hannuna, duk a bazara, don unguwarmu in Afrilu ya shigo sai ka sayi ruwa wurin 'yan garuwa, ruwan sha ma ana lissafi da jarka balle na itace. Shi ya sa da na ji mai dashen yana rantsuwa cewa wanga itace shi da fari abokai ne, ban yi wata-wata ba na saye. Biyu na leda ne waɗanda anka shuka daga ƙwallo, biyu kuma 'ya'yan gindi ne, wato waɗanda ke tsirowa jikin uwa a sare su da saiwarsu. Kuɗin ɗan gindi ɗaya ya kusa sayen na leda biyar, a lokacin na ga tsada sosai, yanzu kam na san inda kuɗin ya tahi.

Maganar sanyi dai ba ta da tsawo. Hunturunmu na Disamba da Janairu da ke sa mu kwana da bargo biyu ba komai ba ne wurin dabino, itacen da ke rayuwa can cikin Sahara inda dare kan yi sanyi har ruwa ya daskare. Abin da na lura kawai shi ne girmansa na raguwa lokacin, sannan iska da ƙura sun ɗan busar da bakin ganyen ƙananan a shekarar farko. Ko ɗaya bai mutu don sanyi ba. Zafin da ke wuce digiri 40 ma yana tsaye kore shar lokacin da darbejiya kanta ta yi yaushi.

Inda anka cuce ni shi ne batun ruwa. Eh dabino na jure fari, amma babba, wanda saiwarsa ta riga ta nutse ƙasa. Ɗan gindi da anka raba da uwarsa jiya jariri ne, yana son ruwa kusan kullum a makonnin farko, a ɗaure ganyensa wuri ɗaya a naɗe da buhu don rana da iska, kuma kar a bari ruwa ya kwanta cikin zuciyarsa inda sabon ganye ke fitowa don zai ruɓe. Ba wanda ya gaya min ko ɗaya cikin waɗannan, da damana ta ɗauke a Oktoba ni kuma na dogara da maganar mai dashe na koma ba su ruwa sau ɗaya a sati, zuwa Maris ɗaya daga cikin 'ya'yan gindin ya bushe ƙurmus, da na tona sai ga gara ta cinye ƙasansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna ina jin ciwon abin. Wani dattijo mai lambu a bakin gulbin Rima shi ya zo ya duba sauran, yac ce min, "Ɗana, Larabawa cewa suke dabino ƙafarsa cikin ruwa kansa cikin wuta, kai wutar kaɗai ka ba shi." Shi ya sa na yi musu kwari zagaye da gindi, na zuba ruɓaɓɓen takin shanu da toka, na rufe da ciyawa. Yanzu da sunka kafu sai in yi kwana goma ban ba su ba cikin rani ba abin da ke samunsu, sai dai in suna ɗauke da 'ya'ya, nan dole a ƙara.

Sai babbar magana, namiji da mace. Dabino ba kamar mangwaro ba ne, kowane itace jinsi ɗaya ne, kuma in daga ƙwallo anka shuka shi kusan rabi maza ke fitowa, ba mai iya ganewa sai ranar da ya yi fure bayan shekaru. Mai dashen ya ce min duka huɗun mata ne. Ta yaya ya sani? Bai sani ba. Ɗaya na ledan namiji ya fito, ɗayan har yau bai nuna komai ba. Ɗan gindi kuwa uwarsa zai ɗauko sak, jinsi da ɗanɗano da girman 'ya'ya, shi ya sa nake cewa kowa in za ka saya ka je da ƙafarka ka ga uwar, in da hali ka ci 'ya'yanta. Akwai tashar binciken dabino ta NIFOR, wato cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, a Dutsen Jigawa, masu son dasa da yawa kan nufi can.

Cikin ikon Allah namijin nan sai ya zame min alheri. Farkon 2024 macen, wato ɗan gindin da ya tsira, ta fasa fure, dattijon nan ya dawo ya nuna min yadda ake yanko silin furen namiji guda biyu ko uku a kifa su cikin na macen a ɗaure da zare, cikin kwana biyu zuwa uku da buɗewarsa, in ka makara 'ya'yan za su fito ƙanana ba ƙwallo kuma ba su nuna da kyau. Namiji ɗaya ya isa mata da dama in da hannu ake yi. Nono uku ta yi, na rufe su da tsohon gidan sauro don tsuntsaye da jemagu. Waɗanda ruwan farko ya tarar sun tsattsage wasu sun ruɓe, dabino ba ya shiri da ruwan sama lokacin nuna, amma munka samu kwano biyu masu kyau. Bai kai na Agadas bushewa ba, ya fi laushi, zaƙi kam ba magana.

Abu ɗaya da zan gargaɗi masu yara, ƙayar da ke gindin ganyensa doguwa ce kuma tana da zafi, ni duk wata nake bi da almakashin lambu ina datse na ƙasa. Kuma kar a dasa shi jikin katanga, ya fi son fili, a gona ma kusan mita 8 ake bari tsakani.

Kwanon farko Inna na kai ma, ta raba wa maƙwabta bakwai-bakwai ta ajiye saura. Yanzu macen ta fidda 'ya'yan gindi biyu, dattijon ya ce in bar su su ƙara shekara biyu jikin uwa kafin mu sare, ɗaya na riga na yi wa ƙanena na Wamakko alkawari.