Shekara biyar ina rufe furfura a gida: daga rinin kwali zuwa lalle da baba

Mai kitsona ce ta fara gani. Ina zaune kan tabarma a gabanta, ta tsaga gaban kaina da tsinke, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ce, "Anti, furfura fa ta fara leƙowa." Lokacin shekarata 39. Ban yi mamaki sosai ba, don mahaifiyarmu tun kafin ta cika hamsin kanta ya yi fari fat, kuma abin gado ne a gidanmu. Amma da na koma ɗaki na ɗauki madubi, raina bai so ba.

Na san akwai mai cewa, macen da ke ɗaura ɗankwali ta ɗora hijabi, me ya dame ta da furfura? Tawa a gaban goshi ta taru, daidai inda ɗankwali yake zamewa. Ban da haka, a cikin gidana ba a rufe kaina yake ba, kuma ina son in ga gashina yadda nake so, ko da ba mai gani sai ni da maigida. Na fara da tsigewa, mai kitson ta hana ni, kuma ta yi gaskiya. Tsigewa ba ta ninka furfura kamar yadda ake faɗa, sai dai tana raunana tushen gashin, ga shi gaban kanmu dama kitso ya gama jan shi. Man shafawar da ake tallatawa wai yana mayar da gashi baƙi ma na gwada kwalba biyu, ban ga komai ba. Ƙwayoyin da ke samar da launin gashi, wato melanin, a can cikin tushe suke, in sun rage aiki ba man da zai tashe su daga waje.

Sai na koma ga rinin kanti, wanda ke zuwa a kwali da bututun kirim, kwalbar ruwan haɗi da safar hannu. Shekara biyu cur ina amfani da shi, kuma ba zan ci amanarsa ba: yana rufe furfura ƙwarai. Ki haɗa, ki shafa, ki jira minti 35 zuwa 40, ki wanke, shi ke nan. Ranar Asabar da hantsi nake yi, kafin azahar na gama har na ɗora girki. Kuskurena na farko shi ne launi. Na ɗauki lamba 1, baƙi wuluk, don a tunanina gashin Bahaushiya baƙi ne. Ashe ba haka ba ne. Ki duba gashinki a rana, za ki ga yana da ɗan duhun ƙasa-ƙasa. Lamba 1 ta sa kaina ya zama kamar an shafa shuni, fuskata ta yi tsauri, kuma da sabon gashi ya fito sai layin fari ya yi ɓaro-ɓaro a kan baƙin. Da na koma lamba 3, wadda a kwali take kama da ruwan ƙasa mai duhu, sai ya zauna daidai, har ƙanwata ba ta gane na yi rini ba.

Abin da kwali ba ya faɗa da babbar murya shi ne aikin ba ya ƙarewa. Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, don haka mako uku zuwa huɗu farin ya dawo a tsaga. Da farko nakan sake shafe kan gaba ɗaya duk wata, sai gashin ya bushe, bakinsa ya riƙa karyewa a mataji. Daga baya na koyi shafa wa sabon tsiro kawai, in bar sauran. Kuma in kina sa rilaksa, ki ba da tazarar aƙalla mako biyu tsakaninsu. Duka biyun buɗe jikin gashi suke yi, in aka haɗa su a mako ɗaya gashin ba ya ɗauka.

A shekara ta uku aka yi bikin 'yar yayata. Kamar kowa, na zauna aka zana mini dayis, wato baƙin lalle, a hannu da ƙafa. Bayan kwana biyu zanen ya fara ƙaiƙayi, ya ɗan tasa, wani wurin ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa. Na shafa man kaɗanya, ya lafa, na manta. Bayan kamar wata guda na rina kaina da irin rinin da na saba, lambar da na saba. Ban yi gwajin da aka rubuta a takardar ciki ba. Gaskiya tun karon farko ban sake yi ba, don ina ganin jikina ya saba. Daren ranar fatar kaina ta fara zafi. Washegari bayan kunnuwana da ƙeyata suka yi ja suna tsattsafo da ruwa. Kwana na biyu na tashi goshina ya kumbura, fatar idona ta yi suntum, da ƙyar nake buɗe ido ɗaya. 'Yata ta shigo da shayi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Umma, me ya same ki?" Muryarta ce ta sa na yarda aka kai ni asibiti.

Likitar, wata matashiya mai natsuwa, tambayarta ta biyu ita ce, "Hajiya, kin yi baƙin lalle kwanan nan?" Na nuna mata hannuna, inda har lokacin akwai inuwar zanen. Ta yi mini bayanin da nake fata kowace mace a ƙasar nan ta ji. Akwai wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD. Shi ne ƙashin bayan yawancin rinin gashi mai duhu da ba ya wankewa, kuma shi ne ake zubawa a baƙin lalle don ya kama da wuri ya yi baƙi. A rinin gashi ana ƙayyade shi. A Tarayyar Turai ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa. A dayis kuwa ba mai aunawa, ga shi a kan fata kai tsaye ake barinsa ya bushe. A Amurka ma hukumar kula da abinci da magunguna ba ta amince a shafa shi a fata ba. Da zarar jiki ya tsane shi, to ya tsane shi ke nan har abada, kuma kowane karo na gaba yakan fi na baya muni, har ya kai ga kumburin maƙogwaro. Da na dawo gida na ciro takardar cikin kwalin daga shara na karanta. Gargaɗin yana nan a rubuce: zanen baƙin lalle na iya ƙara haɗarin, a yi gwaji awa 48 kafin kowane rini, kuma kada a yi wa wanda bai kai shekara 16 ba. Shekara biyu ina jefar da wannan takarda ba tare da na karanta ta da kyau ba.

Wani abu da ya ruɗe ni, kuma na ga yana ruɗar mutane, shi ne rubutun "babu amoniya" a gaban kwali. Amoniya aikinta buɗe jikin gashi ne don launi ya shiga, ita ce mai warin nan da ke hawa ido. Cire ta ba ya nufin an cire PPD. Haka kalmar "na ganye" da hoton zogale ko zaitun. Ki juya kwalin ki karanta jerin abubuwan da ke ciki, ki nemi doguwar kalmar da ta ƙare da "phenylenediamine". Akwai ɗan'uwansa da ake sawa a madadinsa, PTD, kuma da yawa daga waɗanda jikinsu ya ƙi na farko yakan ƙi na biyun ma. Kwalin da ba shi da jerin sinadarai, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ni dai ko kyauta aka ba ni ba zan kai shi kaina ba.

Wata huɗu na bar kan ya huta. A nan ne wata maƙwabciyarmu da ta zauna a Sudan ta ce, "Maman yara, me ya hana ki lalle da baba?" Lalle na sani, amma ina gudun jan nan na gemun dattawa. Baba kuwa a iya sanina na marina ne, irin na Ƙofar Mata. Ta ce ba ruwan karofi take nufi ba, wanda ake haɗawa da toka. Garin ganyen baba ne zalla, busasshe, kore, yawanci daga Indiya ake kawo shi. Abin ya kwanta mini ta wata fuskar ma. Tun muna Islamiyya mun karanta a Risala cewa rina gashi da baƙi makaruhi ne ba tare da haramci ba, amma babu laifi a yi da lalle da katamu, wani ganyen rina gashi. Na daɗe ina jin ɗan nauyi a zuciyata game da lamba 1 ɗin nan.

Ga yadda nake yi yanzu, shekara biyu da rabi ke nan. Ranar Juma'a da daddare nake tankaɗe garin lalle kamar giram 100 da rariya mai laushi, don in akwai tsakuwa da itace a ciki fitar da su daga gashinmu wahala ce. Na kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami, na rufe da leda. A bazara awa uku zuwa huɗu ya isa ya saki launi, a hunturu sai ya kwana. Da safe na tsefe kai, na wanke da shamfu ba tare da na shafa mai ba, na sa basilin a goshi da kunnuwa, na sa safar hannu, na bi tsaga-tsaga. Sai leda, sai tsohon ɗankwali, sai jiran awa uku. Idan kika wanke za ki ga furfurar ta koma ja kamar ruwan goro. Kada ki tsorata, rabin aikin ne. Baba ba ya kama farin gashi da kyau shi kaɗai, yakan ba da kore ko shuɗi. Lallen ne shimfiɗarsa. Shi baba da ruwan ɗumi kawai ake kwaɓa shi, da ɗan gishiri, ba lemon tsami, kuma ba ya jira: cikin minti goma zuwa sha biyar ya kamata ya hau kai, in ya daɗe a kwano ya mutu. Ina barinsa minti 45 in ina son ruwan ƙasa mai duhu, wanda shi na fi so. Masu barinsa awa biyu suna samun kusan baƙi. Launin gaskiya ba ya bayyana sai bayan kwana biyu zuwa uku.

Abin da na samu: furfura ta rufe, amma ba rufewar fenti ba. Fararen gashin sukan ɗan fi sauran haske, a rana suna ba da wani ja-ja mai duhu, kuma hakan ya fi kama da gashin mutum. Gashina ya yi kauri, karyewa ta ragu, fatar kaina lafiya lau. In sabon tsiro ya fito, layin ba ya yin kaifi kamar da.

Aibinsa kuwa ba kaɗan ba ne, kuma duk mai ce miki sauƙi ne bai yi ba. Yana cin yini guda. Kwaɓin yana da nauyi a kai, wuya takan gaji. Warin baba kamar ɗanyar ciyawa yake, yana kwana biyu a gashi, maigida ma ba ya sonsa. Banɗaki sai an wanke nan take, tawul kuma ki ware masa nasa. Bayan lalle gashi yakan yi tauri, sai na bi shi da man kaɗanya, amma ina jira kwana biyu tukuna don kada mai ya hana baba zama. Baban kuma ya fi lalle saurin koɗewa, musamman a gefen kunne inda furfura ta fi taurin kai, wani lokaci sai na sake shi kaɗai bayan mako uku. Sannan hanya ce da ba a komawa da sauƙi: in kin yi baba, kada ki ce za ki sa sinadarin haskaka gashi daga baya, kore zai koma.

Sai a kula da lallen kansa, don a kasuwa akwai wanda aka gauraya. Lalle na gaskiya garinsa kore ne, yana ƙanshin busasshen ganye, kuma in kika ɗiga kwaɓinsa a tafin hannu na minti biyar zai bar tabo ruwan lemo. Duk "lallen" da ya yi alƙawarin baƙi cikin rabin awa, akwai wani abu a cikinsa. Ni wajen wata tsohuwa nake saye, ganye take kawowa a daka a gabana. Ko shi ma, da baban, sai da na shafa kaɗan a bayan kunne na jira kwana biyu kafin na yarda da su, kuma duk sabon ƙunshi haka nake yi.

Ƙanwata har yanzu rinin kwali take amfani da shi, ban hana ta ba. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da yinin da za ta bayar, jikinta kuma bai taɓa nuna ƙi ba. Abu biyu kawai na roƙe ta: gwajin awa 48 kowane karo, da barin dayis. Na farkon ta karɓa. Na biyun muna kan magana, don akwai bikin ɗan ƙanin babanmu bayan Sallah, kuma ta riga ta kama layi wajen mai ƙunshi. Na ce mata zan biya kuɗin jan lalle, nata da nawa.