Akwatin haske mai santimita 40: ya fito da tandun Inna, amma fanteka ta fi ƙarfinsa

Akwatin da nake magana a kai shi ne irin wanda masu sayar da turare da sarƙoƙi a Instagram suke ɗaukar hoton kayansu a ciki. Farar roba ce mai kauri, ana naɗe ta ta kwanta, in an buɗe a ɗaura maɓallai sai ta tashi akwati, santimita 40 kowane gefe. A rufinsa akwai layi biyu na fitilun LED da wata kafa ta leƙa waya daga sama, sannan an haɗo da shimfiɗu masu launi daban-daban. A wani shagon kayan waya da ke wajen Wunti, a garin Bauchi, na saye shi. Ni ba sana'a nake yi da shi ba. Kayan Inna, kakarmu, nake bi ina ɗauka tun da aka raba gado suka watsu gidajen dangi, wasu a Jahun, wasu a Yelwa, wasu har Azare. Nakan aro abu, in ɗauka, in mayar wa mai shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ruwansa da wutar NEPA. Wayar USB gare shi, kowace cajar waya ko fawa bank tana tayar da shi. Mai shagon ya ce min, "Hajiya, ko tsakar dare ne kika kunna, rana ce a ciki." A wannan bai yi ƙarya ba.

A kan ƙananan kaya kuwa sai dai a ce masha Allah. Tandun kwallin Inna, na fata, wanda yawan riƙewa ya sa wuyansa ya yi baƙi, ya fito har da ɗinkin gefensa da ɗan zaren da ta ɗaure murfin da shi. Haka carbinta na itace, ana iya gane 'ya'yan da suka fi sulɓi saboda ja. Da na tura wa Yaya Babba hoton, kira ta yi, ta ce, "Ke, a ina kika samo wannan? Ai na ɗauka ya ɓata tun bikin Goggo."

Matsalar ta soma ne da na sa kwanon sha da langa, irin kayan jeren amaren da. Fentin jikinsu gilashi ne aka narka a kan ƙarfe, don haka duk abin da ke gabansu sai sun mayar da shi. Fitilun nan sai suka fito ɗigo-ɗigo, layi biyu, a tsakiyar furen da ke kan murfin. Tasar tagulla ta fi muni, har wayata da yatsuna na gani a cikinta. Na samu sauƙi da na manna farar takarda marar kauri a ƙasan fitilun, da ɗan tazara don kada ta taɓa su, hasken ya baje ya yi laushi. Abin da ya kamata a ce masu akwatin sun haɗo da shi ke nan tun farko. Fanteka kuwa ko shiga ba ta yi yadda ya kamata, ta cika akwatin har gefenta na gogar bango.

Sai launin hasken. A jikin kwalin an rubuta 6500K, wato fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ga azurfa yana da kyau. Ga ƙwarya da faifai da akushi kuwa yana kashe musu jini. Ƙwaryar furar Inna, wadda shekaru suka mayar da ita ja-ja, ta fito fari fat kamar yau aka sayo ta a kasuwar Muda Lawal. Kuma da yake hasken daga sama yake saukowa ta ko'ina, zanen wuƙar da ke jikinta ya ɓace, domin sassaƙa ba ta fitowa sai haske ya zo ta gefe ya bar inuwa a cikin tsagar. Ita dai a bakin taga na ɗauke ta bayan la'asar, a kan tabarma, na jingina farin kwali a ɗaya gefen don ya rage duhun. Wannan hoton shi na kai aka wanke min.

Ga wanda zai saya, kada ya sa baƙin abu a kan farar shimfiɗa ya bar waya ta yi yadda ta ga dama. Tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, akushi ya koma dunƙulen duhu. A taɓa kan abin a fuskar wayar, a ja alamar ranar nan sama kaɗan, ko a canza zuwa baƙar shimfiɗa. A kuma ja baya a sa 2x, wato kyamarar ta jawo hoton ninki biyu, saboda in aka matso da waya sosai bakin kwano yakan kumbura ya karkace. Maɓallin rage hasken akwatin ma ban cika amfani da shi ba, da na rage sai wasu layuka su riƙa ratsa hoton, sai na mayar da shi ƙarshe suke ɓacewa. Baƙar shimfiɗar kuma tana kwasar ƙura, lokacin hunturu sai da tsumma a hannu.

Mai sayar da zobba, agogo ko kwalaben humra, wannan akwati zai biya ta kuɗinta. Mai irin nawa aikin kuma, zai yi mata amfani a kan abin da bai wuce tafin hannu ba. Rediyon Malam da butarsa ta alwala suna gidan Kawu a Azare, kuma in na tashi zuwa ba zan ɗauki akwatin ba, farin kwali da tsumma kawai zan sa a jaka.