Fenti ko banish: wanne za a shafa wa tsohon kayan katako?

Tunda na gyara tsohon gadon Hajiyarmu mutane ke ta tambayata wai fenti ya fi ko banish, to bari in fadi abin da na gani da idona.

Wajen wahala banish ya fi cin rai gaskiya, sai ka goge katakon da sanfefa har ka cire tsohon shafin tas, sannan ka shafa sau 2 ko 3 kana barin kowanne ya bushe, kuma in da hunturu ne kura na sauka take mannewa, dole a daki a rufe za ka yi. Amma in katakon madaci ne, wallahi jan nan nasa da zanen jikinsa in suka fito sai ka ji tausayin masu rufe shi da fenti.

Shi fenti rufin asiri ne. Ka cike ramuka da garin katako da gam, ka dan goge, ka shafa, tabo ya bace. Matsalarsa in ya kwarzane farin tabon a fili yake, kuma ranar da ka so dawo da asalin katakon za ka sha wahalar kankare fentin. Kudi kam ba su da nisa sosai, sanfefa ce ke kara wa banish tsada.

A kula, tsohon fenti kan iya kunsar dalma mai guba, a jika kafin a goge, a kori yara daga wurin.

Mai katako mai kyau da hakuri ya dauki banish. Mai filawud ko teburin da ya sha faci, ko kayan dakin yara, fenti zai fi masa.