Gwajin naman kansar hanji a Yamai: wajen karatu ba laifi, sakamakon ne ya gaza

Wani ɗakin gwajin nama mai zaman kansa a Yamai, irin wanda likitoci ke kira anapat, ya iya karanta naman kansar babban hanji. Yanka siriri ne, rini ya kama, kuma takardar sakamako tana faɗin zurfin da ƙari ya ci a bangon hanji da adadin kaluluwar da aka duba. Ƙa'ida ita ce 12 aƙalla, kuma suna rubuta lambar ko da ba ta kai ba. Wannan abin yabo ne.

Inda aikin ya gaza shi ne abin da ke biyo baya. Ƙarin da ya fito a hanjin dama, cike da yauƙi, fararen ƙwayoyin jini sun yi masa dandazo, yakan nuna cewa tsarin gyaran DNA ya lalace. Kusan kashi 15 cikin 100 na kansar hanji haka take. Mai ganin wannan siffa ya kamata ya nemi rinin sunadaran gyaran DNA, wato MLH1, PMS2, MSH2 da MSH6, nan take, don sakamakon na iya buɗe hanyar amfani da maganin pembrolizumab, ya kuma tona ciwon gado na Lynch, wanda ya shafi ƴan uwan majinyaci. A wannan ɗaki kuwa sai su bayyana yauƙin, su sa hannu, shi ke nan.

Canji a ƙwayar halittar gado ta KRAS kuwa ido ba ya ganinsa. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu kansar hanji suna da wannan canji, kuma ga mai shi maganin cetuximab asarar kuɗi ne. A wannan ɗaki ba sa yin gwajin, sai dai su ba da curin naman da ke cikin kakin farafin a aika waje.

Wajen adana naman tun farko ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Naman da aka taso da shi daga Tawa a motar haya, cikin ƴar kwalba da formol (ruwan adana nama) kaɗan, tsakiyarsa ta ruɓe kafin ya iso. Formol na kashi 10 ake so, ninki goma na girman naman, a tsaga hanjin don ruwan ya shiga, kada kuma ya wuce awa 72 a ciki. Ruwan Bouin, wani ruwan adana nama mai launin rawaya, yana lalata DNA. Ma'aikatan karɓa ba sa tambayar sa'ar da aka jiƙa nama, alhali layi ɗaya a takarda ya isa.

In ka karɓi curin farafin a watan Afrilu, kada ka bar shi a motar da ke rana, kakin laushi yake yi.