Teburan Access: a bar su cikin fayil ko a kai su SQL Server?

Idan aka raba ma'ajiyar bayanai ta Microsoft Access gida biyu, fom da rahoto suna zama a kwamfutar kowane ma'aikaci, teburan da ke ɗauke da bayanan kuma sai a zaɓa musu mazauni.

Barin su cikin fayil ɗin Access a jakar da ofis ke amfani da ita tare ya fi sauƙi da arha, amma kariyarsa ba ta da ƙarfi. Tsarin fayil na ACCDB da ya zo da Access 2007 ba ya ware wa kowane mutum izininsa, kuma tilas kowa ya sami damar rubutu a jakar, saboda haka duk wanda ya so yana iya kwafe fayil ɗin sukutum. Ɓoye teburan da mayar da ɓangaren ma'aikata zuwa ACCDE, wato fayil ɗin da ba a iya sauya tsarin fom da rahotonsa, suna hana kuskure ne kawai, ba sa tare mai mugun nufi.

Inda akwai albashi ko bayanan marasa lafiya, SQL Server, manhajar Microsoft mai ajiye bayanai a babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, nake ganin ya dace, domin shi ke riƙe teburan, yana ba akawu damar karantawa ba tare da gogewa ba, ya kuma hana sauran gani. Nau'insa na Express kyauta ne, sai dai yana bukatar wanda ya iya kula da shi.