Dragon's Dogma 2: hanya ce babban dodon wasan

Duk wanda ke shirin sayen Dragon's Dogma 2 ya sani tun yanzu cewa ba dodon da ke cikin sunan ne zai fi ba shi wahala ba. Hanya ce. Wasan ya fito ranar 22 ga Maris 2024 a PlayStation 5 da Xbox Series da kwamfuta, shekara 12 bayan na farkon, kuma masu shi sun ce faɗin ƙasarsa ya ninka na wancan kusan sau huɗu. Duk da wannan faɗi ba a ba ka doki ba, ba kuma za ka buɗe taswira ka danna gari ka tsinci kanka a can ba kamar yadda muka saba. Ƙafarka ce, ko amalanken shanu, ko wani dutse mai suna Ferrystone da ake sayarwa zinare 10,000, wanda jifa ɗaya kake yi da shi ya kai ka wani gari nan take, ya ƙare. Shi ma ba ko'ina yake kai ka ba, sai inda aka kafa wani dutsen alama mai suna Portcrystal, kamar birnin Vernworth da ƙauyen Harve.

Da farko na ɗauka rowa ce kawai. Wata tafiya guda ce ta sauya mini ra'ayi, kuma ita nake so in ba ku labari don ita ce ta sa na yafe wa wasan abubuwa da yawa.

Na hau amalanke daga Vernworth zuwa Checkpoint Rest Town, garin da ke kan iyakar ƙasashen Vermund da Battahl. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma wasan yana ba ka damar yin gyangyaɗi a ciki don a gajarta maka tafiyar. Ina tare da mabiyana uku, waɗanda ake kira Pawn: nawa na kaina mai riƙe da garkuwa, da biyu na aro, maharbi da kuma matsafiya mai warkarwa. Na zaɓi gyangyaɗi, allo ya yi duhu. Ihun mabiyana ne ya tashe ni. Goblin, wasu ƙananan dodanni, sun tare hanya, wasu da itace mai ci da wuta a hannu. Wannan ba komai ba ne, mun saba da su. Muna cikin kakkaɓe su sai inuwa ta rufe mu gaba ɗaya, kafin in ɗaga kai Griffin ya dira a kan san da ke jan amalanken. Ga wanda bai san shi ba, tsuntsu ne mai kan gaggafa da gangar jikin zaki, girmansa ya fi amalanken da san a haɗe, kuma shanu suna cikin abin da ke jawo shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wallahi ban taɓa jin gabana ya faɗi a gem kamar wannan lokacin ba. Matsafiyata ta sa wa makamanmu wuta, domin fikafikansa ba sa jure wuta, idan suka kama ba ya iya tashi. Na ɗare bayansa ina sara, kuzarina yana raguwa, don a wasan nan riƙe jikin dabba ma cin ƙarfi yake yi. Ya yi wata girgiza ya yar da ni, ya juya ya bugi amalanken, katako ya tarwatse. Da ya ga jininsa, wato layin lafiyarsa, ya yi ƙasa sai ya buɗe fikafikai ya tafi abinsa. Bai mutu ba, ban samu komai daga jikinsa ba, ya bar mu tsaye a tsakiyar daji babu abin hawa, ga rana tana shirin faɗuwa.

Daren wannan wasa dare ne na gaske. Ba irin shuɗin hasken nan da sauran gem suke sakawa su ce maka dare ya yi ba. Baƙi ne ƙirin, iyakar ganinka iyakar inda fitilar da ke rataye a ƙugunka ta haska, ita kuma mai take sha, idan ya ƙare shi ke nan. Da duhu ya shiga sai abubuwan da ba ka gani da rana su fito: ƙwarangwal masu takobi suna tasowa daga ƙasa, fatalwa tana shawagi, takobi ba ya yi mata wani abin kirki sai tsafi. Kyarketai kuma ba ka ganinsu, kukansu kake ji ta hagu da dama, sai ɗaya ya cafki mutum ya ja shi cikin duhu.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yadda jini yake aiki. Duk dukan da ka sha, wani ɓangare na layin jininka yana mutuwa, magani na yau da kullum ba ya dawo da shi, tsafin warkarwa ma ba ya dawo da shi, sai ka kwana a masauki ko ka ya da zango. Wato kowane faɗa yana rage maka abin da za ka shiga na gaba da shi. Lokacin da muka kai wata gada a kan kogi, kusan rabin jini ya rage mini. Can tsuntsayen nan masu fuskar mata suka sauko, waɗanda waƙarsu ke sa barci, ɗaya ta suri matsafiyata ta sake ta a tsakiyar ruwa. Ruwa mai zurfi a wannan duniya ba a iyo a cikinsa, akwai wani jan abu da ake kira Brine da ke haɗiye duk abin da ya faɗa. Ina ji ina gani ta tafi, ba gawar da zan tasa. Mun rage mu uku, babu mai warkarwa.

Da na hango wurin ya da zango, tsohon murhun duwatsu a gefen hanya, na ji daɗin da ban ji ba ko lokacin da na kashe manyan dodanni. Kayan zangon nan masu nauyi da na yi ta jin haushin ɗauka, su suka cece ni. Ko a nan ma hankalina bai kwanta ba, don ana iya kawo hari cikin dare a lalata kayan. Allah ya taimaka gari ya waye lafiya. Na shiga Checkpoint Rest Town da hantsi, na ajiye abin bugawa, hannuna yana gumi. Babu wanda ya rubuta wannan tafiya a cikin labarin wasan, babu aikin da aka ba ni a kanta, haɗuwar abubuwa ce kawai. A ranar, da an tambaye ni, da na ce ban taɓa buga gem irinsa ba.

To amma fa a hanyar nan za ka yi ta komawa, kuma a nan ne zancen ya fara canzawa.

Abin da ya ba ni tsoro a karon farko ya zama abin gajiya da tafiya ta yi tafiya. Ba ka taku mai nisa ba a tare ka ba. Goblin, kyarkeci, ƙadangarun nan masu mashi, 'yan fashi, sai kuma goblin. Ka share hanya yau, bayan 'yan kwanaki na cikin wasan sun dawo wurin da ka bar gawarsu. Ka tsallaka Battahl kana murnar sabuwar ƙasa ta duwatsu da rairayi, sai ka tarar yawancinsu su ne dai, an sauya musu kala an ƙara musu taurin rai. Ƙaton nan mai ido ɗaya, Cyclops, ranar da na fara ture shi ya faɗi a bakin rami na taka bayansa na haye, na yi ta mamaki. Yanzu idan na hango shi sai in ratse ta gefe, ba don tsoro ba, don ba ni da lokacinsa. Haɗari idan ya yi yawa ba ya zama haɗari kuma, ya zama shinge tsakaninka da inda za ka. Da sun rage yawan faɗan da rabi, suka bar hanya ta yi shiru na ɗan lokaci, da kowane hari ya fi shiga rai.

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar ajiya, wato adana inda ka tsaya a wasan. Gurbi ɗaya tak aka ba ka. Wasan yana ajiye kansa a lokacin da ya ga dama, wani lokaci kana tsakiyar masifa, zaɓin da ya rage maka shi ne komawa kwananka na ƙarshe a masauki, wanda zai iya zama awanni a baya. Idan ka mutu ka sake lodawa kuwa, a tsarin wasan na asali jininka ƙara raguwa yake yi, wato an mayar da kai gaban abin da ya kashe ka kana da rauni fiye da ɗazu. Wannan ba koyar da hankali ba ne, danniya ce. Ga ayyuka masu wa'adi da ba a nuna maka agogonsu. A garin iyakar nan akwai yaron da kyarketai suka ɗauke, idan ka yi jinkiri ba za ka same shi da rai ba. To mutumin da ya iso da ƙyar, jini saura kaɗan, mai ya ƙare a fitila, yaya ake so ya yi? Ya kwana ya rasa yaro, ko ya fita ya mutu? Na san wasu za su ce ai daɗin ke nan. Ni dai a wurin nan ban ji daɗi ba, takaici na ji.

Sai kuma abin da ya tayar da ƙura tun ranar fitowa: an sa Portcrystal da Wakestone, dutsen tayar da matacce, cikin kayan da ake saye da kuɗin gaske. Gaskiya ne ana samunsu a cikin wasan ba tare da biyan ko sisi ba, kuma ni ban saya ba. Amma idan ka gina wasa a kan wahalar hanya, ka ce wahalar ita ce daɗin, sannan ka ajiye sauƙinta a kanti, dole mutane su yi maka wani kallo. Ya ɓata mini wani abu a zuciya game da daren nan da na yaba.

Daga baya cikin 2024 an ƙara wani tsari mai sauƙi da ya rage kuɗin masauki da na Ferrystone, ya sassauta nauyin kaya, ya kuma cire ƙarin raunin nan na bayan mutuwa. Na gwada shi. Ya gyara maganar danniya, amma bai taɓa yawan goblin ba, kuma ban ji zuciyata ta buga a cikinsa kamar da ba. Shawarata ga sabon shiga ya fara da na asali har ya kai Battahl, idan hanya ta fara gundurarsa ya koma mai sauƙin.

Har yanzu ban cire shi daga na'urata ba, kuma ba zan ce kada a saya ba. Kwanan nan na hau keken igiyar da ke ratsa kwazazzaban Battahl, wanda ake murɗawa da hannu, muna tsakiyar sararin sama na ji kukan Griffin daga nesa, gabana ya sake faɗuwa kamar ranar farko. Irin wannan yana nan, sai dai za ka kashe goblin masu yawa kafin ka kai gare shi. Wanda ke da awa ɗaya kacal bayan aiki, yana so ya ga labari ya ci gaba, wannan wasa zai cinye masa awar a kan hanya bai isa ko'ina ba. Wanda kuwa ke da lokaci da haƙuri, kada ya bar gari sai da safe, da mai a fitila, da kayan zango a bayan mabiyinsa mafi ƙarfi, da Ferrystone ɗaya a jaka wanda ba zai taɓa ba sai ranar da amalanke ya karye.