Jakar kafaɗa ga mai ɗaukar hoto a Jos: abin da ya kamata a auna kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ɗaurin aure a ƙofar masallaci ya san cewa abin da ake nema ba ya wuce minti biyu ko uku. Da zarar an shafa fatiha sai jama'a su yi ca a kan ango, hannuwa su miƙo ta ko'ina, kuma idan mai hoto ya tsaya sauke jaka daga bayansa domin ya sauya lens, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, kafin ya ɗago kai an fara watsewa. Wannan ne ya sa har gobe masu sana'ar ba su rabu da jakar kafaɗa ba, ko da yake jakar goyo ta fi ta daɗin ɗauka idan tafiya ta yi nisa. Jakar kafaɗa tana zaune a gefen ƙugu, hannu yana shiga cikinta ya fito ba tare da ido ya bar abin da ake ɗauka ba. Sai dai duk nauyin kayan a kan kafaɗa ɗaya yake sauka, saboda haka tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi wa kansa ita ce nawa ne nauyin abin da zai yini da shi a jikinsa.

Lissafin ba shi da wuya. Kyamarar Canon 5D Mark IV da batirinta tana kai kimanin giram 890. Lens ɗin 24-70 mai f/2.8 (wato mai faɗin kafar shigar haske) na wannan kamfani ya ɗan haura giram 800, shi kuma dogon nan 70-200 mai f/2.8 yana dab da kilo ɗaya da rabi. Idan aka ƙara filasha da batiranta, an wuce kilo uku da rabi tun ba a sa caja da ƙarin batir da gorar ruwa ba, sannan jaka mai kaurin soso ita kanta takan kai kilo ɗaya ko fiye tana wofi. Ke nan mutum zai rataya kusan kilo biyar tun daga ɗaurin aure da safe har zuwa ƙarshen dina da dare. Wanda kuwa yake aiki da Sony A7 III, mai nauyin giram 650, da ƙaramin lens na 50, bai ma cika kilo ɗaya ba. Waɗannan mutane biyu ba jaka ɗaya suke buƙata ba, amma sau da yawa za ka same su a shago suna taya jaka iri ɗaya, wato mafi girma a kan kanta.

A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Babbar jaka ba ta yarda a bar ta da sarari. Duk gurbin da ya rage sai an samo abin da aka cusa masa, har a wayi gari ana yawo da lens ɗin da aka yi wata shida ba a ɗaura ba. Shawarar da nake ba yaran da suke koyon aiki a hannuna ita ce su shimfiɗa tabarma, su jera kayansu duka, sannan su ware abin da suka yi amfani da shi a ayyuka biyar na baya-bayan nan. Abin da aka ware shi za a saya wa jaka, sauran kuma ya zauna a gida cikin akwati.

Jakunkunan da ake samu sun kasu gida-gida. Akwai masu siffar akwati, irin jerin Nova na kamfanin Lowepro, waɗanda suke da soso mai kauri ta kowane gefe da shamakai da ake matsarwa a ciki gwargwadon girman kaya. Ta fuskar kariya daga bugu babu kamar su, kuma a nan garin da ake cunkusa mutum huɗu a keke napep, jaka tana gugar ƙarfe a kowane rami, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinsu shi ne ba sa lanƙwasa su bi jiki, suna tsayawa ƙiƙam a gefe suna dukan mutane a cikin taro, kuma daga nesa kowa ya san abin da ke ciki.

Akwai kuma masu taushi na yadi mai kauri irin na tanti. Uwarsu ita ce Domke F-2, wadda wani mai ɗaukar hoton jarida a Amurka, Jim Domke, ya fitar a 1976 saboda aikin 'yan jarida. Sosonta kaɗan ne, tana kwanciya a jiki kamar jakar ɗan makaranta, kuma hannu yana saurin kaiwa ga kaya. Jerin Retrospective na Think Tank ya bi wannan tsari da ƙarin soso, Billingham ta Ingila kuwa ta haɗa yadi da fata, tana da ƙarko ƙwarai amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu. Ni wannan gidan na fi so ga mai aikin biki da mai aikin jarida, domin ba sa jan ido a cunkoson kasuwar Terminus ko a tashar mota, kuma idan an rage kaya suna lotsawa su ƙanƙance.

Sai ƙananan da ake ratayawa a gicciye, a juyo su gaba idan za a buɗe, kamar Everyday Sling na Peak Design da ake yi a girman lita 3 da 6 da 10. Sun dace da mai kyamara ɗaya da lens biyu ƙanana, musamman mai hawa duwatsun Shere ko mai zuwa dutsen Riyom da magangarar ruwan Assop, inda ake buƙatar hannu biyu su zama a sake. Ba su dace da mai dogon lens ba.

Hanya ta huɗu ba a cika ambatonta ba, ga ta kuwa da araha da hikima: a sayi akwatin soso kaɗai, wanda ake sayarwa dabam, a zura shi cikin jaka ta yau da kullum mai ƙarfi. Ɗalibin da ke karatu a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa ko Kwalejin Talabijin ta NTA a nan Jos, wanda kuɗinsa ya ƙare a kan kyamara, babu abin kunya idan ya fara da wannan, da sharaɗin baduku ya ƙara wa mazaunin igiyar ɗinki.

Yanzu sai batun da masu tallar jaka a intanet ba sa yi da mu a zuciya, wato yanayin garinmu. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, damina tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan yakan sauko ba sallama, wani lokaci har da ƙanƙara. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce, mai laushi kamar garin alkama, wadda take bi ta kowace kafa. Jakar da murfinta kawai ake kifawa, ba zif a ƙarƙashi, tana da saurin buɗewa, amma idan ka rataya ta gefunanta sukan buɗe baki, ta nan ƙura da feshin ruwa suke shiga. Mai zif kaɗai kuma tana hana ƙura, sai dai ruwa yana tsatsowa ta haƙoran zif ɗin idan babu abin da ya rufe shi. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne mai duka biyun: zif a ciki, murfi mai faɗi a kai wanda ya sauko ya rufe gefuna. Lokacin aiki a bar zif a buɗe a riƙa kifa murfi, a kan hanya kuma a ja zif. Rigar ruwa da take zuwa da wasu jakunkunan, kamar na Lowepro masu alamar AW, tana da amfani sosai a watan Agusta, amma a tuna cewa idan an sa ta ba a iya ciro kyamara sai an tuɓe ta.

Danshi ya fi ruwan sama ɓarna, domin shi ba a ganinsa. Jakar yadi ko ta fata da ta sha ruwa takan kwana biyu ba ta bushe ba a lokacin marka, kuma lens ɗin da aka bari a cikinta yana iya yin fumfuna, wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo a cikin gilashi, waɗanda gyaransu yake da tsada, wani lokaci ma tabon ba ya fita. Saboda haka nailan ya fi yadi da fata sauƙin sha'ani a damina. Kowace iri aka saya, a riƙa fitar da kaya idan an dawo gida, a bar jakar a buɗe ta sha iska, a kuma ajiye 'yan ƙunshin nan na ƙwayoyin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Igiya kuwa na koyi darajarta da tsada. Wata shekara da sanyin Janairu, ina tsallaka titi zan shiga wurin kamu, ƙugiyar roba da ta riƙe igiyar jakata ta tsage gida biyu, jakar ta faɗi a kan kwalta ta kusurwa. Kyamarar ta tsira, amma lens ɗin da ke gefe ya daina kama hoto daidai, kuma kuɗin gyaransa ya ninka kuɗin jakar. Mai shagon da ya sayar mini ya rantse cewa ta asali ce, sunan babban kamfani kuma yana ɗinke a gabanta. Tun daga ranar, kafin na dubi suna sai na dubi ƙugiya: ta ƙarfe ce ko ta roba, kuma igiyar an ɗinke ta ne a leɓen jakar kawai ko ta zagaya ta ƙarƙashi ta tallabe ta. Faɗin igiyar kada ya gaza yatsu uku, matashin kafaɗarta ya kasance mai kama riga, ba mai santsi ba, domin a kan shadda mai sitaci igiya mai santsi zamewa take yi kowane taku goma.

Jabu sun yi yawa, a shago da intanet baki ɗaya. Ana gane su ta soso mai laushi da yatsa biyu suke haɗewa idan an matsa shi, da zare da ke tsattsagowa a kusurwa, da zif mai cijewa. Zif na kirki sau da yawa yana ɗauke da tambarin YKK. Jaka ta asali da aka samu a gwanjo, irin wadda akan ci karo da ita a kasuwar Katako idan an dace, ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, muddin an shinshina cikinta ba a ji warin danshi ba, kuma sosonta bai fara marmashewa ba.

Ranar saye a tafi da kayan aikin gaba ɗaya, kada a dogara da awon da aka rubuta a kwali. Dogon lens na 70-200 yana da tsawon kusan santimita 20, don haka yana buƙatar zurfin da zai tsaya a miƙe murfi ya rufu ba tare da an danna ba. A loda komai, a rataya, a zaga cikin shagon na minti goma, a gwada ciro kyamara da hannu ɗaya. A kuma saurari ƙarar manne irin na Velcro idan an ɗaga murfi, domin a wurin walima ko lokacin da malam yake huɗubar aure wannan ƙarar tana juyo da kawunan mutane. Jakunkunan Retrospective suna da hanyar rufe mannen a yi shiru, wasu kuma maɓalli suke da shi.

Ga mai aikin biki da kyamara ɗaya da lens biyu da filasha, matsakaiciyar jaka mai taushi, mai zif da murfi da ƙugiyar ƙarfe, ita nake ba da shawara. Wanda kayansa na dole suka haura kilo biyar, ko yake ɗaukar laftof da ƙafar kyamara zuwa wurin aiki, ya sayi jakar goyo ta kai kayan, sannan ya riƙe ƙaramar jakar kafaɗa da zai zuba abin da yake buƙata a cikinta idan an fara taro.